Wa Ya Rage Mini Farashi?

Jama'a, sallama gare ku. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri. Wadda ta taɓa yin wata huɗu da mutum tana ganin ita ce take nazarinsa, sai rana ɗaya ta gano shi ya riga ya gama karanta ta tas, ita ce za ta fi fahimtar halin da nake ciki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Bashira Tajuddeen, 'yar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, shekarata ashirin da shida. Ina digiri na biyu a fannin tsara birane a nan Kuala Lumpur, makarantarmu tana Jalan Semarak. A Wangsa Maju nake zaune, hawa na goma sha ɗaya, ni da Paulina, wata 'yar Jos da ke karanta shari'a. Akwai kuma mai nemana da aure, Muhyiddeen, ɗan Zariya, wanda ya gama karatun kwamfuta a nan ya samu aiki a wani kamfanin sayar da kaya ta waya. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Manhajarsu dai tana cikin wayar kusan duk ɗalibin da na sani, daga shinkafa har caja a nan muke saye.

Sai abu na ƙarshe, wanda ban taɓa rubuta muku ba. Ina da ciwon suga tun ina shekara goma sha huɗu. Sau huɗu nake yi wa kaina allura a rana, kuma kafin kowace allura sai na soki yatsa na ɗiga jini a kan wani ɗan siririn tsinken gwaji, na'ura ta gaya mini inda sugana yake. A gida daga Umma sai Abba sai yayata suka sani. A nan kuwa Paulina ce kaɗai, ita ma don firjinmu ɗaya ne, ba yadda zan yi in ɓoye mata maganin.

Muhyiddeen bai sani ba. Ko in ce haka na ɗauka.

Ranar wata Asabar da hantsi ina kicin da wata tsohuwar doguwar rigar atamfa da ta koɗe, ina soya ƙwai, Paulina ta baje takardu a teburin falo har kan kujera.

"Bash, ara mini wayarki minti biyar mana."

"Me za ki yi da ita?"

"Aikin binciken nan nawa ne. Wayar mutum goma sha huɗu na duba, ke ce ta sha biyar. Kaya iri ɗaya nake buɗewa a app ɗin nan in ga ko kuɗin da ake nuna wa kowa ɗaya ne."

Na miƙa mata ina dariya. "Ba farashi ɗaya ba ne? Ai ba Kantin Kwari ba ce da za a yi ciniki."

"Ke, zauna nan." Ta jawo mini kujera da ƙafa. "Kin san yadda mai kaya a kasuwa yake kallon takalminki da jakarki kafin ya faɗi kuɗi? To shi takalmi kaɗai yake gani. Waɗannan sun san irin wayarki, sun san ranar da alawus yake shigo miki, sun san abin da kika duba sau uku kika fasa. Da wannan suke yanka wa kowa nasa farashin."

"Kuma babu mai hana su?"

"A wasu ƙasashen an fara yi musu doka. Wasu sun ce dole a rubuta wa mai saye cewa da bayanansa aka yanka masa kuɗin. Wasu ma so suke a hana gaba ɗaya, musamman a abinci da magani. Malamina yana tara hujjoji zai kai wa ƙungiyar kare masu saye, amma kamfanonin ba sa taɓa yarda suna yi. Sai mu yi ta bin wayoyin mutane kamar masu roƙon caja."

Ta buɗe man girki, kuɗinmu ɗaya. Ta buɗe omo, sen talatin ne tsakani, 'yan kwabban nan ƙasar. Sai ta ce, "Kawo abin da kike saye kullum, wanda ba ki iya fashinsa."

Ba tare da tunanin komai ba na ce ta duba tsinken gwajina.

Ta ajiye wayoyin biyu gefe da gefe. Kwali ɗaya, hoto ɗaya, mai sayarwa ɗaya. A wayar Paulina ringgit tamanin. A tawa hamsin da biyu.

Paulina ta ɗauki wayata. Ta sabunta shafin, ta sake sabuntawa. Hamsin da biyu.

"Da nawa kike saye?"

"Farko saba'in da takwas. Daga baya ya yi ta hawa. Abin haushin ma, duk ranar da nawa ya kusa ƙarewa sai in tarar ya tashi. Akwai watan da na saya tasa'in da shida, har na rage yawan gwajin da nake yi don kwalin ya kai ni ƙarshen wata."

"Yauwa, wannan na gane shi. Sun san ranar da naki yake ƙarewa, sun san ba ki da zaɓi. Amma wannan?" Ta ƙwanƙwasa fuskar wayata da farce. "Mai larura ba a rage masa, ƙara masa ake yi. Tun yaushe ya sauko?"

Na buɗe jerin abin da na taɓa saye. Na ja ƙasa, na ja ƙasa. Wata huɗu da suka wuce, tasa'in da ɗaya. Wata uku da suka wuce, hamsin da biyu. Daga nan bai sake motsi ba.

"Bash," in ji Paulina a hankali, "wa kika sani a kamfanin nan?"

Ƙwan ya ƙone a kasko, sai da hayaƙi ya cika falo sannan na tuna da shi.

Ku ji fa abin da ya riƙa dawo mini a ranar. Zuwan Muhyiddeen na farko, a gidan Anti Hureira muka haɗu. Anti Hureira ƙawar ƙanwar Umma ce, mijinta yana koyarwa a nan, ita aka damƙa wa amanata tun da na zo, kuma ita ta haɗa mu. Duk saurayin da na sani cakulan yake kawowa, ko kek, ko kwalin dabino. Shi gyaɗar yazawa ya kawo mini da tuffa kore. Har Anti ta tsokane shi ta ce ko marowaci ne.

Ranar da muka fara zama a mamak, irin gidan abincin Indiyawan nan, kafin in buɗe baki ya ce wa mai kawo abinci, "Teh o kosong biyu." Baƙin shayi ke nan babu sukari. Na tambaye shi ya aka yi ya san haka nake sha, ya ce, "Na lura ne kawai." A ina ya lura? Bai taɓa ganin na sha shayi ba.

Saƙonninsa kuwa, kullum ƙarfe ɗaya saura: "Hajiya Bashira, a bar karatun nan a je a makan." Wato a ci abinci. Idan na ce sai an jima, sai ya turo, "A'a, yanzu. Don Allah." Ga wata 'yar robar alewa da yake ajiyewa a aljihun motarsa, shi da ba ya shan zaƙi. Duk mai irin ciwona ya san amfanin alewa a kusa idan suga ya faɗi.

Ni da nake kwanciya ina murmushi, ina cewa Allah ya haɗa ni da mai kula. Ashe kulawar tana da tushe.

Ko kuma ni ce nake zargin bawan Allah a banza? Wallahi na yi ta kawo masa uzuri. Wataƙila rangwame ne na tsofaffin masu saye. Wataƙila gidansu akwai mai suga, shi ya sa ya saba. Paulina ta saurare ni har na gama, ta ce, "Boleh, duk zai iya yiwuwa. Amma ke ma ba ki yarda da abin da kike faɗa ba."

Da la'asar Umma ta kira. Ina ganin fuskarta a waya na san akwai magana, don ta ɗaura ɗankwalinta na fita unguwa alhali tana tsakar gida.

"Kawunki ya zo jiya. Mutanen Zariya sun ce bayan sati biyu za su turo a yi gaisuwa. Kin ji ko?"

"Na ji, Umma."

"To muryar nan fa? Ba ki da lafiya ne? Nawa ya nuna da safe?"

"Lafiya ƙalau yake. Umma, ni fa ina ganin ya kamata in gaya masa."

Fuskarta ta canza nan take. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta tura ƙofa.

"Bashira, kada ki kuskura. Kin manta Zahraddeen da ya fara nemanki? Yaron nan har kuka ya yi a zaure, amma da uwarsa ta ji kalmar allura, ko sallama ba su yi mana ba. Wata uku kina kwance kina kallon silin. Ni ba zan sake ganin wannan ba."

"Amma ai haƙƙinsa ne ya sani."

"Zai sani. A ɗaura tukuna. Ba cutar da ake ɗauka ba ce, ba wani abin kunya kika yi ba. In ya zauna da ke ya ga lafiyarki lau, shi da kansa zai ce ba komai. Mutane ne ba sa jin bayani daga nesa. Ki yi mini alkawari."

Ban yi ba, ban kuma ƙi ba. Na ce cajin wayata zai ƙare.

To kun ga inda na tsaya. Ni ina ɓoye masa abu, ina zarginsa da ɓoye mini cewa ya san abin da nake ɓoyewa. In na tambaye shi kai tsaye kuma ya zamana bai san komai ba, na tona wa kaina asiri da bakina.

Paulina ce ta kawo dabara ranar Laraba. Muna cin shinkafar nasi lemak da ta sayo mana a ƙunshe, ta ce, "Ki saka masa abin da ba zai iya haɗiyewa ba. In yana leƙa akawun ɗinki, zai nuna."

Muka zaɓi wani agogon maza mai baƙar fata, ringgit ɗari huɗu, da turare. Na saka su a kwandon saye ban biya ba. A wurin adireshi na ƙara sabo: Hassan, Jalan Semarak. Babu wani Hassan. Sunan ne kawai ya zo bakin Paulina.

Na ajiye wayar. Addu'ata ɗaya, Allah ya sa kada komai ya faru.

Alhamis ƙarfe ɗaya saura, babu saƙon a je a ci abinci. Karo na farko a wata huɗu. Sai ƙarfe uku ya turo:

"Ya karatu?"

"Alhamdulillah. Ya aiki?"

"Lafiya."

Shi ke nan. Mutumin da yake cika mini waya da hotunan kyanwar ofishinsu.

Juma'a bayan masallaci: "Akwai abin da kike so ki gaya mini kafin mutanenmu su je Kano?"

Wanne yake nufi, ciwon ko Hassan? Na rubuta, na goge, na rubuta. Ƙarshe na tura, "Kamar me?"

"Ba komai. Sai Lahadi."

Ranar Lahadi dama Anti Hureira ta shirya mu je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman duba yadi. Ta ce gara a fara ganin kaya tun yanzu, don leshin nan ya fi na gida sauƙi. Na saka abaya ruwan toka mai ɗinkin zare a hannu, da mayafi baƙi, ban ko shafa hoda ba. Shi ya zo da farar shadda da hula zanna, amma idonsa ya faɗa kamar wanda ya yi zazzaɓi. Ya gaishe da Anti har da rusunawa. Ni ya ce mini "sannu" yana kallon tayar motarsa.

Shago uku muka shiga. Anti tana ta ɗaga yadi tana kara mini a fuska. "Wannan ruwan zuma zai karɓe ki. Muhyiddeen, ya ka gani?" Sai ya ce, "Ya yi, Anti," bai ko ɗago ba. A shago na huɗu ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, Anti kuma ta samu wata 'yar Indiya mai shago da suka saba, ciniki ya kankama. Ta kalle mu ta ce, "Ku biyun nan kun ishe ni da ɗaure fuska. Ku je kedai ɗin can, shagon mai shayi na tsallake, ku sha shayi, ina hango ku."

Muka zauna kusa da ƙofa. Aka kawo shayi. Ya yi ta juya cokali a cikin kofin da babu sukari.

"Kina da ɗan'uwa a Semarak ne?" ya ce.

Jama'a, na shirya wa tambayar nan kwana huɗu, amma da ta zo sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya.

"Me ya sa ka tambaya?"

"Haka kawai."

"Makarantarmu ce a Semarak. Mutum dubu nawa ne a can?"

"Ina nufin wani... wani Hassan."

"A ina ka ji sunan?"

"Wani ne ya faɗa mini."

"Wa?"

Ya ci gaba da juya cokalin.

"Malam Muhyiddeen, mutum biyu ne a duniya suka san sunan nan, ni da Paulina, don mu muka ƙirƙire shi ranar Laraba muna cin shinkafa. Wuri ɗaya kuma muka rubuta shi."

Cokalin ya tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, farkon abin da ya bayyana a fuskarsa sauƙi ne, wai babu Hassan. Sai daga baya kunya ta biyo.

"Bashira, ki bari in yi miki bayani."

"Shi na zo ji. Kai ka rage mini kuɗin tsinken gwaji?"

"Ni ne."

"Ke nan ka san ina da suga."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Ya kalli titi, ruwa yana gudu a gefen kwalta. "Wata biyar kafin in fara ganinki."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sa ya maimaita.

Ya ce a sashen farashi yake aiki. Suna da wani tsari da yake ware masu sayen abin da ba sa iya rayuwa babu shi, ya lissafa ranar da nasu zai ƙare, ya ɗaga musu kuɗi daidai lokacin. Wata rana aka ba shi akawun ashirin ya duba ko tsarin yana aiki yadda ake so. A cikinsu ya ga Bashira Tajuddeen, Wangsa Maju.

"Na ɗauka 'yar nan ƙasar ce. Sai na ga kina sayen busasshen zoɓo, da gero, da ɗanyar gyaɗa kilo biyu. Na ce wallahi wannan Bahaushiya ce, kunun gyaɗa take yi. Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Washegari na sake buɗewa. Daga nan ya zame mini jiki. Na ga watan da kika jinkirta sayen tsinken kwana tara, na kasa sukuni, ina tunanin ko lafiya."

"Sai ka je wurin Anti."

"Na ce mata na gan ki a masallaci ranar idi."

"Ka gan ni?"

"A'a."

Na leƙa tsallaken titi. Anti Hureira ta ɗago wani leshi ja tana nuna mini ta gilashi, tana murmushi. Na ɗaga mata hannu.

"Kwana taran nan da ka ce," na ce, "ka san me ya sa? Kuɗin ne ya kai tasa'in da shida. Sau ɗaya na koma gwadawa a rana maimakon huɗu. Akwai ranar da na faɗi a banɗakin makaranta, wata mai shara ce ta tsince ni. Wa ya rubuta abin da ya ɗaga mini kuɗin?"

"Mu huɗu ne."

"Har da kai."

"Har da ni."

"Mu nawa ne a jerin?"

"Dubu goma sha ɗaya da ɗoriya."

"Ni kaɗai ka cire."

"Ke kaɗai zan iya cirewa ba a lura ba. Na saka ki cikin rukunin ma'aikata ne. In aka gano ma, korata za a yi. Bashira, ban ce na kyauta ba. Amma ba ni na kawo tsarin nan duniya ba. Lauyoyin kamfani sun ce ba mu taka doka ba, kowa da hannunsa ya danna ya yarda."

"Ni na yarda wani ya zauna a ofis yana ƙirga mini kwanakin maganina? Na yarda ya san kunun da nake sha?"

Ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗago, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma yaushe kika yi niyyar gaya mini?"

Ta same ni, ba zan yi muku ƙarya ba.

"Wata huɗu ina jira," ya ce. "Kullum in ce yau za ta faɗa, in ce mata na ji, ba komai. Saura kwana shida mutanenmu su je gidanku."

"Umma ta ce sai an ɗaura."

"Ke fa me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ni nawa na ɓoye, Malam. Kai na wani ka buɗe."

Mai shayi ya zo ya tafi. Abin da ke damuna har yanzu shi ne, ban ji na tsane shi ba. Na kalli hannunsa a kan tebur, na tuna robar alewar nan, na ji tausayi da tsoro sun cakuɗe mini. Mutumin nan ya san ciwona tun farko bai gudu ba. Mutumin nan kuma ya yi wata tara yana leƙena ta inda ban san akwai taga ba. Da wanne zan zauna a gida ɗaya?

Na ce masa abu uku nake so. Ya mayar da ni farashin kowa. Kada ya sake buɗe akawun ɗina har abada. Sannan ya zauna da malamin Paulina ya faɗa masa yadda tsarin yake aiki, ko da ba za a ambaci sunansa ba.

"Biyun farko an gama," ya ce. "Na ukun... Bashira, takardar zamana a ƙasar nan a hannun kamfani take. Mu huɗu ne kaɗai muka san cikin abin. Ko ba a faɗi suna ba, za su gane. Ƙannena biyu suna jami'a, ni suke kallo."

"Ban ce yau ba. Ka yi tunani. Ni ma zan yi nawa tunanin."

"Maganar zuwa Kano fa?"

"Ban sani ba."

Na ɗauki jakata, sai wani abu ya faɗo mini. Na koma na zauna.

"Wa ka gaya wa?"

"Me?"

"Ciwona. Anti? Abokanka? Gidanku?"

Ya dafa ƙirji. "Wallahi tallahi babu wanda na gaya wa. Ko mutum ɗaya. Sirrinki ne, ke za ki faɗa da bakinki."

Na daɗe ina kallon idonsa. Na yarda da shi. Ku rubuta wannan ku ajiye, na yarda.

Na ce wa Anti kaina ke ciwo, na ƙi shiga motarsa. Na taka cikin yayyafi har tashar Masjid Jamek na hau jirgin ƙasa. Tun kafin mu kai tashar KLCC na goge manhajar daga wayata. Da na sauka a Wangsa Maju na shiga kantin magani na ƙasan gidanmu, na sayi kwali ɗaya da kuɗi a hannu, farashin da ke manne a jikinsa, wanda kowa yake gani.

Paulina tana bakin ƙofa. "Ya aka yi?"

"Shi ne."

"Jesus. Zai yi magana da malamina?"

"Paulina, don Allah ki bar ni in cire takalmi."

Ta karɓi jakata ta ajiye, ta ɗora ruwan zafi. Na yi la'asar a makare, na zauna a kan sallaya ina tsara yadda zan gaya wa Umma cewa abin da take tsoro ya riga ya faru, kuma yaron bai gudu ba. Har na fara jin kamar abin zai zo da sauƙi.

Ƙarfe shida da kwata wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Umma, da hoto. Hoton na fara buɗewa: wani ƙaramin buhu a tsakar gidanmu, an jingine shi da randa.

Na danna muryar.

"Bashira! Abin da na roƙe ki ke nan? Yanzu direban Hajiyar Muhyiddeen ya bar ƙofar gidan nan, tun daga Zariya. Buhun acca ta aiko. Wai a ajiye miki, an ce tana da kyau ga masu irin larurarki. Irin larurarki, Bashira! Kuma ta ce kafin maza su zo tana so ta zo da kanta, ita da yayarta, akwai tambayoyin da za ta yi mini. Abbanki ya tsaya yana kallona, na rasa bakin magana. Ke kika gaya masa? Ki kira ni yanzu-yanzu."

Na saurara sau biyu. Daga Zariya zuwa Kano tafiyar awa biyu ce da wani abu. Ke nan lokacin da yake dafa ƙirji yana rantse mini, buhun nan yana cikin but ɗin mota a kan hanya.

Paulina ta tsaya da kofi a hannu tana kallona. Wayar ta sake haske, sunansa ne, yana kira. Na bar ta ta yi ta ruri har ta katse.

Na kira Umma. Tana ɗauka ta fara faɗa, na bari ta kai aya.

"Umma, ban gaya masa ba. Zan yi miki bayani, amma ba yanzu ba." Na gyara zama a kan sallayar. "Turo mini lambar Hajiyarsa. Tunda larurata ce, ni za ta yi wa tambayoyin. Ni ma ina da guda ɗaya da zan yi mata."